Matuƙin da ƙishirwa ta koya wa rubutu

Ranar 30 ga Disamba 1935, jirgin marubucin Faransa Antoine de Saint-Exupéry ya rikito a hamadar Libiya, yana neman kafa tarihin gudu daga Faris zuwa Saigon. Shi da bakanikensa André Prévot sun tsira da rai, amma ɗan ruwan da ke hannunsu bai kai ko'ina ba. Suka yi ta gararamba cikin yashi har idanu suka fara nuna musu abin da babu. Sai a rana ta huɗu wani Balarabe makiyayi bisa raƙumi ya tsince su, ya ba su ruwa.

Masu yabonsa sun fi son a tuna shi a matsayin gwarzon sararin sama. Gaskiya ba tuƙi ne ya ɗaukaka shi ba. Ya sha faɗuwa da jirgi, kuma abokan aikinsa sun san shi da shagala, har karatu yakan yi yana tuƙi. Abin da ya bambanta shi da sauran marubutan Faransa shi ne aikin gidan waya da ya yi. A 1926 ya shiga kamfanin Latécoère, yana jigilar wasiƙu tsakanin Toulouse, Kasablanka da Dakar. Shekara ta zagayo aka tura shi Cap Juby, wani zango a kudancin Maroko na yau, teku a gaba, hamada a baya. A wannan kaɗaicin ya rubuta Courrier Sud. Vol de nuit, wanda ya ci kyautar Femina a 1931, daga aikin wasiƙu na dare a Ajantina ya fito.

Shi kansa Le Petit Prince na 1943, da 'yan boko a Nijar suka sani sarai, labarin matuƙi ne da jirginsa ya lalace a Sahara, yana lissafin ruwan da ya rage masa. Wanda bai taɓa jin harshensa ya bushe ba, da wuya ya rubuta rijiya yadda ya rubuta ta a wannan littafin.

Lokacin yaƙin duniya na biyu shekarunsa sun wuce na tuƙin jirgin leƙen asiri, amma ya nace sai da aka bar shi. Ranar 31 ga Yuli 1944 ya tashi daga tsibirin Kosika, yana da shekara 44, bai dawo ba. A 1998 wani masunci kusa da Marseille ya jawo munduwar azurfa mai sunansa a cikin komarsa, bayan shekara biyu kuma aka gano tarkacen jirgin a ƙarƙashin teku.