Wa Ya Ce Jami'a Ba Wurinsu Ba Ce?

A Amurka, duk lokacin da aka ambaci shigar matasa masu raunin fahimta jami'a, ba a rasa mai cewa jami'a gidan masu kaifin ƙwaƙwalwa ce, kuma shigo da waɗannan zubar mata da daraja ne. Masu wannan magana ba safai suke faɗin inda suke son matashin ya dosa ba.

Dokar ilimin masu nakasa ta ƙasar ta ɗora wa makarantun gwamnati nauyin irin wannan yaro har ya kai shekara 21. Daga nan sai a sake shi. Abin da ya daɗe yana jiransa shi ne zaman gida, ko wani keɓantaccen wurin aiki inda dokar ƙwadago ta 1938 ta halatta a biya shi ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Wanda ya rufe masa ƙofar jami'a, can ya tura shi, ko ya sani ko bai sani ba.

A 2008 majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar ilimi mai zurfi, ta ba waɗannan ɗalibai damar samun tallafin Pell ko da ba su da takardar kammala sakandare ta yau da kullum, muddin gwamnati ta amince da shirin da suka shiga. Jami'o'i irin su Clemson da Vanderbilt da Syracuse suna da irin wannan shiri. Ɗalibi yakan zauna a aji da kowa, ya koyi aiki, ya koyi hawa motar haya shi kaɗai da lissafin kuɗinsa. A ƙarshe takardar shaida ake ba shi, digirin kowa kuwa na nan yadda yake. To darajar wa aka zubar?

Inda ya kamata masu suka su kai zafinsu daban ne. Dokar ta shar'anta cewa aƙalla rabin lokacin ɗalibi ya kasance a cikin azuzuwa ko wuraren koyon aiki tare da waɗanda ba su da nakasa. An sa wannan sharaɗi ne domin abu ne mai sauƙi jami'a ta ware ɗaki ɗaya a ƙarshen gini, ta tara su a ciki, ta ɗauki hotonsu sanye da rigarta, ta kira abin cuɗanya. Wannan tsohuwar wariya ce aka yi wa sabon fenti, iyaye kuma su ke biya.

Biyan ma ba ƙarami ba ne. Waɗannan ɗalibai ba su da damar karɓar rancen karatu na gwamnatin tarayya, tallafin Pell kuma bai isa ya biya kuɗin makaranta da masauki a yawancin manyan jami'o'i ba. Ɗan mai hali ya shiga, ɗan direban bas ya koma gida a shekara 21.