Wa Ya Fara Zuwa Ruwan Bagaja?

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, har ma da waɗansu malamai, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a tsaya a tuhume ta. Maganar kuwa ita ce, wai katun, watau zanen nan mai motsi da yara ke kallo a talabijin da wayoyi, ya kasu gida biyu, akwai na maza, akwai na mata. Wai na maza shi ne na dambe da guje-guje da fashe-fashe, na mata kuwa shi ne duk wanda aka sa yarinya a gaba. Har wa yau, wai yaro namiji ba zai ji daɗin na matan ba, in kuwa aka same shi yana jin daɗinsa, to, a binciki tarbiyyarsa. Ni na ce wannan magana ba ta da tushe, kuma ba tamu ba ce. Rigar aro ce, kuma daga hannun 'yan kasuwa aka aro ta.

Kada wani ya ce ai wannan damuwar 'ya'yan birni ce. A ƙasarmu ta kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru, a bi ta Kwanar Ɗangora har Tudun Wada da Doguwa, yaron da gidansu ba talabijin ma yana kallo. Ana zuwa wurin mai cajin waya a tura finafinai a memori, da dare kuma yara biyar ko shida su haɗa kai a kan waya guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan irin wannan taro ya san abin da zan faɗa. Muddin labarin yana tafiya, ba mai tambayar ko tauraron namiji ne ko mace, kowa ya buɗe baki yana kallo. Sai wani babba ya leƙo ya ce, "Kai, ba ka jin kunya, kana kallon abin mata?" Sa'an nan ne yaro zai zame jiki ya tashi, yana waiwaye. Ashe ke nan labarin bai kore shi ba, mu muka kore shi.

To, jama'a, mu koma gida tukuna. Kafin katun, mene ne katun ɗin Bahaushe? Tatsuniya ce. Wa ke yin ta? Kaka ce, ko goggo, ko amaryar gida, a ɗaki ko a tsakar gida bayan an ci tuwon dare. Su wa ke zaune? Yara ne duka, maza da mata, gwiwa da gwiwa. In aka ɗauke Gizo da Ƙoƙi, su wa suka cika tatsuniyoyin nan? 'Yan mata ne. Ga Ta-Kitse, wadda kishiyoyi suka fitar da ita rana don ta narke. Ga yarinyar da ta cuɗa wa tsohuwa baya ta sami sunan Daskin-da-riɗi. Ga 'yar mowa da 'yar bora, waɗanda ba sa ƙarewa. Ina son namiji ɗaya a cikin masu karanta wannan mujalla, daga ɗan ajin farko har shehun malami, ya fito ya rantse cewa shi da aka zo tatsuniyar Ta-Kitse tashi ya yi ya fita don ta mata ce.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Ruwan Bagaja. Yau in ka ambaci sunan nan a aji, kowa sai ya tuna da Alhaji Abubakar Imam, da gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, da Alhaji Imam na cikin littafin, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Madalla. Amma kafin Alhaji ya saɓa jaka ya fita neman ruwan nan don a warkar da ɗan sarki, wa ya riga shi zuwa? Yarinya ce, 'yar bora. An ɗora mata laifin da ba ita ta yi ba, aka ba ta ƙirgi aka ce ba za ta wanke shi ko'ina ba sai a ruwan Bagaja. Ta kama hanya ita kaɗai, tana iske kogi bayan kogi, kowanne yana yi mata tayin abin marmari tana wucewa, har ta kai bukkar da ta tarar da cinya da kare suna zaune kamar mutane. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi raini ba, ta yi abin da aka sa ta, ta koma gida da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta kwaso abin da ta kwaso. Imam namiji ne, malami ne, ɗan malamai, amma bai ji kunyar ɗauko sunan littafinsa na farko daga wannan tatsuniya ta yarinya ba. Littafin da muke tinƙaho da shi a matsayin ɗaya daga cikin tubalan ƙagaggen labarin Hausa, sunansa daga ɗakin mata ya fito.

Haka kuma tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne maza suka rubuta masa su da ajami. Na R. S. Rattray na 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta. A ina waɗannan masu rawuna suka haddace labarin kishiyoyi da marayu? Ba a zaure ba dai. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma da ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970, bai ware na maza da na mata ba, kuma a aji ɗaya muka karanta su.

To, daga ina rabon ya zo? Daga Amurka, kuma dalilinsa kuɗi ne. A farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Reagan, aka sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara, sai kamfanonin kayan wasa suka gane cewa katun tallar minti ashirin ce wadda yaro zai zauna ya kalla da son ransa. Kamfanin Mattel yana da ɗan gunkin roba mai suna He-Man, sai aka yi masa katun a 1983 don a sayar wa yara maza. A 1985 aka ƙago masa 'yar'uwa, She-Ra, don a sayar wa mata. Hasbro kuma ya riƙe Transformers a hannun dama, My Little Pony a hannun hagu. Hikimar a fili take: in wa da ƙanwa suna wasa da abu ɗaya, uba sau ɗaya zai sa hannu a aljihu, in kuwa aka raba su, sau biyu. Wannan ita ce "ɗabi'ar halitta" da waɗansunmu ke karewa da jijiyar wuya.

Abin dariya, su kansu masu rabon yara sun sha ƙaryata su. The Powerpuff Girls na 1998, 'yan mata uku ne ƙanana, yara maza kuwa suka rungume shi. A 2009 Disney ya fitar da The Princess and the Frog, cinikin bai kai yadda suka so ba, sai suka zargi kalmar gimbiya da ke cikin sunan, wai ita ta kori maza. Saboda haka fim na gaba, wanda da za a kira Rapunzel, aka sauya masa suna ya koma Tangled a 2010. Tsoro ke nan. Bayan shekara uku sai ga Frozen, labarin ya da ƙanwa, ya tara fiye da dala biliyan 1.2, abin da wani katun bai taɓa tarawa ba kafinsa. Ko 'yan mata kaɗai suka biya wannan kuɗi? Shi kuwa My Little Pony da Lauren Faust ta sabunta a 2010, ƙarti ne masu gemu suka bi shi, har suna taron shekara-shekara, na ƙarshensu a Baltimore a 2019 ya tara mutum sama da 10,000. Ban ce mu yi koyi da su ba, Allah ya sawwaƙe, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shaida kawai na kafa.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Gidajen silima na Kano, irin su Plaza da Marhaba da Orion, a zamanin da suke ci, maza ne suka cika su, don macen kirki ba ta zuwa. Me ake kallo? Finafinan Indiya na soyayya da kuka. Mother India na 1957, labarin wata uwa ce da wahalarta, maza suka yi shekaru suna komawa kallonsa a Kano. Littattafan soyayya kuma da ake cewa na matan aure ne, na su Hafsatu Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ku tambayi ɗakunan kwanan ɗalibai maza abin da ke ƙarƙashin matashi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce namiji barkono ne, dole a koya masa jarumta. Na yarda. Amma wace jarumta ce ta fi ta yarinyar da ta ratsa daji ita kaɗai da ƙirgi a ka? In kuma ta takobi ake so, ga Amina ta Zazzau, ga Sarauniya Mangu da ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu cikin 1899. Za a kuma ce katun ɗin 'yan matan Turawa cike yake da tsiraici da sumbace-sumbace. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba, sai dai ba ita muke yi ba. Abin da ya ɓaci, ya ɓaci ga Audu, ya ɓaci ga Binta. Yaya za a hana shi a bar ta? Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin abin da ake yi wa 'yan mata ba labari a ciki, sai sauya riga da taje gashi. Yaro in ya guji wannan, rashin labari ya guda, kuma ƙanwarsa ma an cuce ta.

Ga tambayar da ba a yi. 'Yan mata nawa suka karanta Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Shaihu Umar suka ci jarrabawa a kansu? Wa ya taɓa tsayawa ya ce anya mace za ta iya jin daɗin labarin namiji? Ba kowa. An ɗauka labarin namiji na kowa ne, na mace kuwa na mata ne. Nan ɓarnar take. Yaron da aka koya wa tun yana ɗan shekara bakwai cewa sauraron labarin yarinya abin kunya ne, shi ne gobe zai zama miji, ya zama alƙali, ya zama likita, mace ta zauna gabansa tana ba da labarinta, kunnensa kuwa an riga an toshe.

Ɓarna ta biyu ta shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. Waɗansu sun riga sun farka. Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya yarinya ce a gaba, har an juya shi da Hausa. Iwájú na 2024 yarinya ce 'yar Legas. Iyanu na Roye Okupe, wanda ya fito a 2025, yarinya ce daga tatsuniyoyin Yarabawa. Mu kuwa muna zaune a kan taska, in matashi mai iya zane da kwamfuta ya ce zai yi Ta-Kitse, sai a ce masa maza ba za su kalla ba, ya nemi mai faɗa. Alhali kuwa komai na Ruwan Bagaja a shirye yake. Mai zanen ba ya bukatar zuwa ko'ina neman fili: ya je Falgore ya ga dajin da 'yar bora za ta ratsa, ya hau duwatsun Riruwai, ya tsaya bakin Tiga da hantsi ya ga yadda ruwa yake in ba a hango ƙarshensa. Abin da zai ba shi wuya ɗaya ne, yadda zai zana cinya tana magana ba tare da yara sun kasa barci ba.