RA'AYINMU: Ɗaure Naira Da Dala, Wa Zai Ɗauki Nauyin?

Duk lokacin da Naira ta faɗi, mukan ji 'yan kasuwa a babbar kasuwar Kaduna da ma'aikata a unguwannin Doka suna cewa, me ya hana gwamnati ta ɗaure Naira da Dala kowa ya huta? Tambaya ce mai kyau, amma ya kamata mu tuna cewa ƙasar nan ta taɓa zama ƙarƙashin irin wannan tsari.

A shekarar 1912 Turawan mulki suka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai ofis a Landan, domin Nijeriya, Ghana ta yanzu, Saliyo da Gambiya. Dokarta a fili take. Ba a fitar da sule ko fam a nan sai an ajiye kwatankwacinsa na kuɗin Ingila a can. Saboda haka fam ɗinmu daidai yake da nasu, kuma babu Gwamnan da zai iya buga kuɗi don biyan bashinsa. Haka aka zauna har Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a watan Yuli 1959.

To, ina wahalar take? Idan gyaɗa da auduga suka yi daraja a Turai, kuɗi sai su shigo, kasuwa ta buɗe. Idan farashi ya karye, kamar yadda ya faru bayan 1929, kuɗin da ke hannun jama'a sai su ragu, tun da ba mai ikon ƙara su. Darajar sule ba ta motsa ba, amma samunsa ya zama aiki. Manomin Kano da na Zariya ya sayar da buhunsa da arha, leburan jirgin ƙasa ya ga aiki ya ja baya, ga haraji kuma ana nema da tsabar kuɗi. Ke nan ɗaurin bai kawar da ciwon ba, sai dai ya mayar da shi kan albashi, aikin yi da farashin amfanin gona.

Ƙasar Ajantina ta gwada wannan hanya a 1991. Hauhawar farashi ta kwanta, mutane suka yi murna. Amma bashi ya yi ta taruwa, kayanta suka yi tsada a kasuwannin waje, rashin aiki ya ƙaru. A ƙarshen 2001 aka taƙaita wa mutane ɗiban kuɗinsu a banki, a farkon 2002 aka kwance ɗaurin. Hong Kong kuwa ta riƙe nata tun 1983, domin tana da ajiya mai kauri da tsantseni wajen kashe kuɗi.

Akwai kuma ɗaurin baki, wanda ba ajiya a bayansa. Daga 1994 zuwa 1998 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tsayar da Dala a kan kimanin Naira 22, alhali a kasuwar bayan fage ta haura Naira 80. Mai uwa a gindin murhu ya saya da arha ya sayar da tsada, talaka kuwa ya sayi magani da taki a farashin kasuwa. Littafin Karin Magana ya tsawata a kan ma'aunin zamba, kuma a ganinmu farashi biyu ga kuɗi ɗaya ma'aunin zamba ne.

Mu dai ba mu ce tsayayyen kuɗi abin ƙi ba ne. Gwauruwar da ke jiran fanshon mijinta da malamin makarantar firamare su ne suka fi kowa buƙatarsa. Abin da muke cewa shi ne, ƙasar da ta dogara ga man fetur, wanda farashinsa ke hawa da sauka, ba za ta iya ɗaure kuɗinta ba sai ta koyi halin Yusufu a Masar, wato tanadi a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa.

Don haka muna kira ga hukuma, kafin a yi maganar ɗauri ko saki, ta rage cin bashi, ta tara ajiya, ta kuma gaya wa jama'a gaskiya a kan wanda zai ɗauki nauyin gyaran. Ikilisiyoyi ma su ƙarfafa ƙungiyoyin adashi da taimakon juna. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa.