RA'AYINMU: A Faɗa Musu Da Harshen Da Suke Ji

A shekarar 2012 ruwan Binuwai da na Kwara suka tumbatsa, suka kashe mutum 363 bisa ƙididdigar Hukumar NEMA, suka raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Bayan shekara goma, a 2022, abin ya dawo, har matattu suka haura 600. Cikinsu akwai mutum 76 da jirgin ruwansu ya kife a Ogbaru, kudu da Anacha, suna gudun ambaliyar.

Ruwan nan ba dirar mikiya yake yi ba. In aka buɗe madatsar Lagdo a Kamaru, sai ya ratsa Yola da Makurɗi da Lakwaja kafin ya isa Anacha, tafiyar kwanaki. Ashe akwai sararin gargaɗi. Tambayarmu ita ce, da wane harshe ake yinsa, kuma wa yake ji?

Kowa ya san dubban 'yan'uwanmu Hausawa suna zaune a Anacha da Inugu da Fatakwal: 'yan tireda, mahauta, dillalan shanu, masu gadi, masu ɗinkin takalma. Ba baƙin jiya ba ne. Inugu ce ta zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko tun kafin mulkin kai. Amma tashoshin waɗannan birane Turanci da Ibo da Buroka suka fi yi, muryar tashar FM ta Kano kuwa ba ta ko kusa da bakin Kwara. Saboda haka mai albasa a gindin gadar Anacha ya kan ji halin da ake ciki a Gabas ta Tsakiya daga BBC, amma bai san ruwa zai shigo rumfarsa jibi ba.

Kuma ba ruwa kaɗai ba ne. A Fabrairun 2006, da tarzomar Maiduguri ta haifi ramuwar gayya a Anacha, jama'a suka yi ta gudu zuwa bariki da hayin Asaba. Wanda ba shi da sahihin labari a irin wannan rana, jita-jita ce jagorarsa, ita kuwa ba ta san hanyar tsira ba.

Abin takaici, kayan aikin muna da su. Tun Disamban 2011 aka harba tauraron ɗan Adam NigComSat-1R. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma guda 17, wanda a ƙasa irin Nijeriya tamkar ɗigon ruwa ne a yashi. Maƙwabciyarmu Nijar, da ba ta kai mu arziki ba, ta kafa rediyon karkara a Bankilare tun 1999, tashoshinta suka riƙa karɓar labarin yanayi ta tauraro da 'yar faranti da hasken rana, suna juya shi zuwa harshen makiyaya. Hanyar ke nan: a aika sanarwa sau ɗaya daga Abuja, ta sauka a kowace tasha cikin daƙiƙa, ko da layin tarho ya yanke.

Za a ce rediyon Hausa a Kudu zai ƙara ware baƙi da 'yan gari. Mu ba mu yarda ba. Ba tashar ƙabila muke nema ba, domin Ibo na Sabon Garin Kano ma yana da haƙƙin a gargaɗe shi da harshensa.

Don haka muna kira ga Hukumar NBC ta sassauta sharuɗɗan lasisi ga al'ummomin kasuwannin nan, NigComSat ta keɓe zango kyauta domin sanarwar gaggawa, NEMA kuma ta riƙa fitar da kowane gargaɗi da Hausa da Ibo da Buroka a rana ɗaya da na Turanci. Kafin a kammala wannan, a umarci tashoshin Rediyon Nijeriya na Inugu da Fatakwal da Oka su ware minti goma kullum da magariba, Sarakunan Hausawa kuma su ba da masu karantawa tun kafin damina ta kankama.