Aikin Gayya a Kan Kwamfuta: Kira Ga Ɗaliban Hausa

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san gayya: yau a taru a nome gonar wane, gobe a koma ta wane. To, akwai fannin ilimi da ke nazarin irin wannan gayya idan kwamfuta ce gonar. A shekarar 1984 ne Irene Greif da Paul Cashman suka raɗa masa suna a Amurka. Abin da yake bincike shi ne yadda mutanen da ke nesa da juna za su haɗu kan aiki ɗaya ba tare da wani ya ɓata na wani ba.

A ganina, kuskure ne mu bar wa 'yan sashen kwamfuta wannan fanni su kaɗai. Lokacin yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, mu biyar muka riƙa fassara wani labari a Google Docs, ni ina Jos, wasu suna Bauchi da Kano. Ni da na tashi da harshen Birom, a nan na daina rubuta "kara" a wurin "ƙara", domin abokina Bakano yana gyara mini ina gani. Sai dai mun sha rigima: wannan ya rubuta "zamu", wancan ya mayar da shi "za mu", wani ya goge duka biyun.

Na'ura ba za ta raba wannan gardama ba, sai masu ilimin harshe. Saboda haka ina roƙon malamanmu su haɗa darasin aikin gayya ta kwamfuta da na ƙa'idojin rubutun Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.