Gasasshen makaroni ba nama: yadda uwargida ke fita kunyar baƙi a Filinge

A ƙasar Kurfai, maigidan da ya tara dangi cimar dare ba tare da tsokar nama ba yana jin kamar ya zubar da girmansa. Amma ma'aikacin da wata ya yi wa nisa, da ɗan kasuwar da kayansa suka kwanta, sun san kilo guda na naman rago yana iya cinye kuɗin cefanen kwana biyu. Tun watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, matan birane suka koyi lissafin tukunya da idon basira. Ga wata dabara da ke rufa asiri.

Kayan haɗin ba su da nisa. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa, lambuna kuwa ke ba da tumatir da tattasai lokacin sanyi. Albasar Galmi ba ta yankewa a kasuwa, wake na cikin rumbu, zogale na bayan gida, cuku yana hannun makiyaya. Makaroni kaɗai ne baƙo, shi ma yana kowane kanti daga nan har Yamai, tafiyar kilomita wajen 180.

Domin mutum 8, uwargida za ta tanadi kilo 1 na makaroni, ƙoƙo guda na wake, albasa 3, tumatir 10, zogale dafaffe, ƙwai 4, kofin madara da cuku 3. Ta dafa wake har ya yi laushi. Ta soya albasa da man gyaɗa, ta zuba tumatir da tattasai da tafarnuwa da gishiri, ta bar miyar ta yi kauri, sannan ta juye wake da zogale. Makaronin kuwa a tsame shi tun da sauran ƙarfinsa, domin zai ƙarasa nuna cikin gashi. Wanda ya dahu sarai tun farko caɓewa yake yi.

Sai a shafe tukunya da mai, a shimfiɗa makaroni, a bi shi da miya, a sake jerawa haka har sau 3. A kaɗa ƙwai da madara a kwarara bisa, su ne ke kama abincin ya yanku kamar gato. A daka cuku a barbaɗa.

Rashin murhun gashi ba hujja ba ne. A aza tukunyar bisa garwashi kaɗan, a ɗora mai yawa bisa marufi, domin wutar sama ce ke sa fuskar ta yi ja, ta ƙasa in ta yi yawa ƙonawa take yi. Minti 30 ya isa. A bar shi ya huce minti 10 kafin a yanka.

Wanda ke tsoron a ce ya yi rowa, ya san cewa alkama da wake da ƙwai in sun haɗu suna gina jiki kamar yadda nama ke yi. Surukin da ya miƙo kwano neman ƙari ba zai tuna da mahauci ba, kuɗin da ya rage kuma ya shiga littattafan yara.