Idin Yahudawa Na Kaka Da Abin Da Kafanchan Ta Gani

Daga Wakilinmu na Arewa, Manchok

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, a nan gida damina ta fara ja da baya, majami'un ƙasar Moro'a suna shirin godiyar kaka. Daidai wannan lokaci ne, watau tsakanin Satumba da Oktoba, Yahudawa suke manyan bukukuwansu.

Abin da suke karantawa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Ran sabuwar shekararsu sukan busa ƙahon rago, su karanta labarin Annabi Ibrahim da Hajara da Isma'ila da Ishaku. Rana ta goma ga watan, watau Yom Kippur, azumi suke yi na neman gafara, da yamma su karanta littafin Annabi Yunusa. Sai Idin Bukkoki, kwana bakwai, wanda shi ma godiyar girbi ne. Fasto a Manchok da malami a Jema'a, kowa ya san waɗannan annabawa.

To, ina aka samo ƙiyayyar? Galibinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, amma da mutum ya yi maka wayo a ciniki sai ka ce Bayahude ne. Gadonta muka yi, kuma ta kafar karatu ta shigo.

A Turai an daɗe ana wa'azi cewa Yahudawa duka, har jikokinsu, su ne da alhakin gicciye Yesu. A 1144, a garin Norwich na Ingila, aka ƙaga musu sharrin kashe wani yaro, ƙaryar ta yi ta yawo shekaru aru-aru. Sai a 1965, bayan 'yan Nazi na Jamus sun hallaka Yahudawa miliyan 6, Cocin Katolika ta fito fili ta soke wancan zargi. Ta wajen Sahara ma akwai. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ya sa aka rushe ɗakin ibadar Yahudawan Tuwat wajen 1492, ko da yake alƙalin wurin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da fatawarsa ba.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A watan Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, gardama kan yadda wani mai wa'azi ya jawo ayoyin Alƙur'ani ta zama tarzoma. Kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u da masallatai, aka rasa rayuka. Da yawanku a Kudu kuka ji, kuna ta jiran wasiƙar gida.

Wani zai ce ai Isra'ila ce ta jawo, ga abin da aka yi wa mutanen Gaza. Sukar gwamnati daban ne, ba laifi. Nijeriya ma ta yanke hulɗa da Isra'ila a Oktoba 1973, zamanin Gowon, bayan yaƙin da ya ɓarke ran Yom Kippur, ba ta mayar ba sai 1992. Amma ran 2 ga Oktoba 2025, ranar azumin nan, wani ya kai hari ɗakin ibadar Yahudawa a Manchester, masu ibada biyu suka mutu. Mazauna Ingila ne, addu'a suka je yi, ba su riƙe da muƙamin kowace gwamnati.